Tatsar Matsarmamar Beyar a Asiya: Mene ne Ceto, Kuma Ina Iyakarsa?

Jefi-jefi akan ga hoton bidiyo yana yawo a kafafen sada zumunta: wata baƙar dabba mai kauri, gashi buzu-buzu, an buɗe mata ƙofar keji ta tsaya tana shinshinar ciyawa, ta kasa taka ta. A ƙasa akan rubuta cewa an ceto ta ne bayan shekara ashirin a gonar tatsar matsarmama. Masu kallo kan rabu gida uku. Wasu su ɗauka an mayar da ita daji, magana ta ƙare. Wasu su ce ai maganin da ake tatsa camfi ne tsagwaronsa. Wasu kuma su ce ƙungiyoyin Turawa ne ke neman na cefane, suna tsoma baki a al'adun mutanen Asiya. Duk ukun na buƙatar gyara, kuma gyaran ba zai yiwu ba sai an san yadda sana'ar take tun daga tushe.

Kalmomin da za a riƙa cin karo da su

Beyar dabbar dawa ce mai ƙarfi, mai kaurin jiki da dogayen farata, wadda Larabawa ke kira dubbu. Babu ita a dazuzzukan Afirka a yau, shi ya sa aka aro sunan. Irinta da aka fi tsarewa a gonakin Asiya ita ce baƙar beyar ta Asiya, wadda ake yi wa laƙabi da beyar mai wata saboda wani farin zane kamar jinjirin wata a ƙirjinta. Akwai kuma wata ƙarama da ake kira beyar mai rana, da wata babba ja-ja-ja, amma su ba su kai ta yawa a keji ba.

Matsarmama, ko maɗaciya, ita ce 'yar jakar nan mai ɗaci da ke manne da hanta, wadda mahauci ke cirewa a hankali don kada ta fashe ta ɓata nama. Hanta ce ke haɗa ruwan, jakar ta adana shi, sannan ya gangara hanji ya taimaka wajen narkar da maiƙo. Idan an ce gonar beyar, ba gona ce ta shuka ba. Gida ne ko rumfa da ake jera kejuna ana tatsar ruwan nan daga dabba tana raye. Mafaka kuwa ita ce wurin da ake kai wadda aka karɓo, a yi jinyarta, a ci gaba da riƙonta.

Yadda aka faro

Amfani da matsarmamar beyar tsohon abu ne a likitancin gargajiya na ƙasar Sin. An rubuta shi a wani kundin magunguna na daular Tang a shekarar 659, ana ba da shi don zazzaɓi, ciwon ido, ciwon hanta da kumburi. Tsawon ƙarnoni, hanyar samunsa ɗaya ce: maharbi ya kashe dabbar a daji ya ciro jakar. Saboda haka abu ne mai tsada, wanda ba kowa ke kai wa gare shi ba.

An samu sauyi ne bayan da aka gano dabarar tatsar dabbar ba tare da an kashe ta ba, dabarar da ake dangantawa da Koriya ta Arewa. Sin ta karɓe ta a farkon shekarun 1980. Koriya ta Kudu ta riƙa shigo da beyar daga waje tsakanin 1981 da 1985, gwamnati na ƙarfafa wa manoma gwiwa su yi kiwonta don ƙarin kuɗin shiga. Biyetnam ta biyo baya a shekarun 1990, daga baya aka ga gonaki a Laos da Myanmar. Hujjar da aka kafa a lokacin tana da daɗin ji: beyar guda a keji za ta ba da ruwan da sai an kashe masu yawa a daji kafin a samu, don haka kiwo zai zama garkuwa ga na daji. Za mu dawo kan wannan hujja, domin a kanta yawancin gardamar ta rataya.

Abin da ake yi wa dabbar

Hanyoyin tatsa sun bambanta. A da, a Sin, akan dasa bututun roba ko na ƙarfe ya shiga har cikin matsarmama, wani lokaci a ɗaure dabbar da wata rigar ƙarfe mai nauyi don kada ta fizge shi. Daga baya hukumomi suka hana bututun, suka amince da hanya ɗaya: a yi tiyata a buɗe kafa daga fatar ciki zuwa jakar, a bar ta a buɗe, duk lokacin tatsa a zura ƙarfe ruwan ya ɗiga. Masu gonaki na cewa wannan ba ya da zafi. Likitocin dabbobi da suka duba waɗanda aka karɓo sun ce kafa ce da ba a barinta ta warke, ƙwayoyin cuta na shiga ta nan, ruwan ɗacin kuma kan yoyo cikin ciki ya kawo kumburin da ke kisa.

A Biyetnam ba a cika yin tiyata ba. Akan yi wa dabbar allurar da za ta gusar da hankalinta, a kwantar da ita, a nemo jakar da na'urar hoton ciki, a caka doguwar allura a zuƙe. Sau da yawa sai an caka an sake cakawa kafin a dace. A Koriya ta Kudu kuwa, kafin a haramta sana'ar, doka ta ba da damar a yi kiwonta har ta kai shekara goma, sannan a yanka a ciro jakar.

Kejin ma azaba ce mai zaman kanta. A ƙananan gonaki an samu waɗanda dabbar ba ta iya miƙewa ko juyawa a ciki. Beyar kuma tana da tsawon rai, takan kai shekara talatin, don haka zaman ba na watanni ba ne.

Shin magani ne ko camfi?

A nan ne masu cewa camfi ne suka yi kuskure. A ruwan matsarmamar beyar akwai wani sinadari da masana ke taƙaita sunansa da UDCA, wanda ya fi yawa a jikinta fiye da sauran dabbobi. An tabbatar yana narkar da wasu nau'o'in tsakuwar matsarmama, yana kuma taimaka wa masu wasu cututtukan hanta. Likitocin asibiti a faɗin duniya na rubuta shi.

Sai dai wanda suke rubutawa ba daga beyar yake fitowa ba. Tun shekarun 1950 masana a Japan suka gano yadda ake haɗa shi a masana'anta, kuma a yau ana sarrafa shi ne daga matsarmamar shanu da sauran dabbobin da aka riga aka yanka a mayanka don ci. Ya fi araha, an san adadin da ke cikin kowace ƙwaya, ba shi da gurɓata. Na keji kuwa daga jikin dabba marar lafiya yake fitowa, kuma likitocin mafaka sun sha ba da rahoton samun mugunya da jini a ciki. Su kansu masu maganin gargajiya na Sin da Biyetnam, da yawansu na cewa akwai tsirrai da ke yin aikin da ake nema. Ke nan maganin gaskiya ne, amma ba a buƙatar beyar kafin a same shi.

Wani abin lura shi ne, da gonaki suka samar da ruwan fiye da abin da masu magani ke buƙata, sai aka shiga zuba shi a shayi, giya, man wanke gashi da man goge baki. Wato kiwon ya buɗe wa kansa sabuwar kasuwa wadda babu ita a da.

Yadda ake ceto

Sunan da aka fi ambata a wannan fage shi ne Jill Robinson, 'yar Birtaniya da ta shiga wata gona a kudancin Sin a 1993 ta ga halin da dabbobin ke ciki. Ta kafa ƙungiyar Animals Asia a 1998, kuma a shekarar 2000 ta ƙulla yarjejeniya da hukumomin Sin ta karɓo beyar 500 daga gonakin da suka fi muni. Daga nan aka buɗe mafaka kusa da birnin Chengdu a lardin Sichuan. Ƙungiyar ta buɗe ta biyu a Tam Dao, arewacin Biyetnam, sannan ta uku a gandun Bach Ma a 2023. Ba ita kaɗai ba ce. Akwai Free the Bears, wadda Mary Hutton ta kafa a Ostareliya a 1995, mai mafaka a Kambodiya da Laos da Biyetnam, da Four Paws mai mafaka a Ninh Binh, da ƙungiyoyin 'yan ƙasa irin su ENV ta Biyetnam, wadda ke karɓar rahoton jama'a tana kai wa hukuma.

Mai jin kalmar ceto zai zaci sumame ne ake kai wa cikin dare. Ba haka abin yake ba. Galibi lallashi ne na watanni ko shekaru, ma'aikatan gandun daji da 'yan ƙungiya suna zarya gidan mai dabbar har ya yarda ya miƙa ta. Wani lokaci hukuma ce ke ƙwacewa idan an kama mutum da wadda ba ta da rajista. A Sin, tsarin yarjejeniyar farko shi ne a rufe gonar baki ɗaya, a karɓe lasisin, a ba mai ita diyya don ya kama wata sana'a. A Biyetnam manyan ƙungiyoyi sun ƙi sayen dabba da kuɗi, kuma dalilinsu na da ƙarfi: ranar da aka fara biya, an sa wa beyar farashi, kuma wanda ya sayar da tsohuwa zai iya sayo ƙarama da kuɗin.

Ranar ɗauka ma aiki ne. Akan jawo dabbar da zuma ko 'ya'yan itace ta shiga kejin tafiya da ƙafarta. Idan ta ƙi, ko kejin ya yi tsatsa har sai an yanka shi, a yi mata allurar barci. Mafi girman irin wannan jigila ita ce ta 2021, lokacin da aka kwashe beyar 101 daga wata tsohuwar gona a Nanning zuwa Chengdu, tafiyar fiye da kilomita 1,000 a manyan motoci.

Jinya

Nan ne ainihin aikin yake, kuma shi ne hoton bidiyo ba ya nunawa. Da isowa akan keɓe dabbar na makonni don kada ta shafa wa sauran cuta. A hankali ake sauya mata abinci, domin cikin da ya saba da kunun hatsi ko ragowar abinci ba ya karɓar ganye da 'ya'yan itace farat ɗaya. Bayan ta ɗan murmure sai a yi mata binciken jiki gaba ɗaya tana cikin barci.

Abin da likitoci ke tararwa kusan iri ɗaya ne. Matsarmamar ta yi kauri, ta lalace, sau da yawa dole a cire ta ɗungurungum. Haƙora sun kakkarye saboda cizon ƙarfen keji, wasu ma da gangan aka guntule su, sai an ciccire rubabbun. Tafin ƙafa ya tsattsage don bai taɓa taka ƙasa ba. Akwai makanta, ciwon gaɓoɓi, hawan jini da ciwon zuciya. Akwai masu gundulmin hannu ko ƙafa, wanda shaida ce cewa tarko ne ya kama su a daji, ba a gona aka haife su ba. Beyar ta farko da ta isa Chengdu a 2000, wadda aka raɗa wa suna Andrew, ƙafa uku gare ta. Ta rayu zuwa 2006, sankarar hanta ta kashe ta. Wannan cuta na cikin manyan abubuwan da ke kashe waɗanda aka tatsa, ko da an ceto su. Wasu kuma kan iso a halin da babu abin da likita zai yi musu face ya sauƙaƙa musu mutuwa.

Ciwon da ya fi wuyar warkewa shi ne na ɗabi'a. Dabbar da ta shekara goma sha a wuri guda takan riƙa kaɗa kai ba tsayawa, ko ta yi ta kai-komo a taku uku ko da an ba ta fili. Don haka ba a sakinta a sarari kai tsaye. Daga keji sai ɗaki, daga ɗaki sai a buɗe ƙofa a bar ta ta fita don kanta, wata cikin kwana guda, wata sai bayan watanni. Ma'aikata kan ɓoye abinci a cikin kututture ko saman itace don ta koyi nema, ta motsa jiki, ta yi aiki da hanci. Sannan a gabatar da ita ga 'yan'uwanta ta bayan shinge, a ga wadda jininsu ya haɗu, kafin a gama su wuri ɗaya. Ba a barin su hayayyafa a mafaka, domin kowane ɗa sabon nauyi ne na shekara talatin, kuma zai cinye gurbin wata da ke jira a keji.

Me ya sa ba a mayar da su daji?

Saboda ba za su rayu ba. Wadda aka haifa a keji, ko aka kama tana jaririya, ba ta koyi neman abinci wajen uwa ba. Wadda ba ta da haƙora ko ido ko ƙafa ba ta da abin kare kai. Dukkansu kuma sun saba ganin mutum a matsayin mai kawo abinci, don haka ƙauye za su nufa, inda ko su yi ɓarna ko a kashe su. Dazuzzukan ma cike suke da tarkuna. Ana gwada sakin 'yan ƙanana da aka ƙwace daga mafarauta da wuri, amma wannan daban yake da tsofaffin gona. A gare su, ceto na nufin ciyarwa da magani har ƙarshen rai, kuma wannan ne ya sa kuɗin aikin ke da yawa.

Ƙasashe uku, sakamako uku

Biyetnam ce ta fi nuna abin da ke aiki. A 2005 gwamnati ta yi wa beyar da ke hannun mutane rajista, kimanin 4,300, aka dasa wa kowace 'yar na'urar shaida a ƙarƙashin fata. An haramta tatsa, amma an bar masu su su ci gaba da riƙe su, kuma ta wannan kafa aka ci gaba da tatsa a ɓoye, musamman a yankin Phuc Tho na Hanoi. Duk da haka rajistar ta sa shigo da sababbi ya yi wuya, farashin ruwan ya faɗi, matasa suka juya masa baya. A 2017 gwamnati ta sa hannu kan yarjejeniyar kawo ƙarshen sana'ar, kuma adadin ya sauko ƙasa da 300. Gaskiyar da ba a son faɗa ita ce, mafi yawan dubban da suka ragu ba mafaka suka tafi ba. Mutuwa suka yi a keji, wasu da yunwa bayan sun daina kawo riba.

Koriya ta Kudu ta bi ta hanyar tsayar da haihuwa. Tsakanin 2014 da 2017 gwamnati ta biya aka yi wa na gonaki aikin hana haihuwa. A 2022 aka cim ma yarjejeniya da manoma da ƙungiyoyi, majalisa ta bi da doka, aka tsayar da 1 ga Janairun 2026 a matsayin ranar haramci. Matsalar da ta taso ita ce wurin zuba su, domin mafakar da aka tsara a Gurye da Seocheon ba ta isa ɗaukar dukkansu ba, ga kuma jayayya kan diyya. A 2022 har sai da aka ɗauki 22 a jirgin sama zuwa jihar Colorado ta Amurka.

Sin ce babbar magana. A can sana'ar halal ce a doka, kuma ƙiyasin da aka fi ambata ya haura beyar 10,000, yawancinsu a manyan kamfanoni masu hayayyafar nasu. An rufe ƙananan gonaki da dama, amma manyan sun ƙara girma. A watan Maris na 2020 hukumar lafiya ta ƙasar ta sa wata allura mai suna Tanreqing, wadda ke ɗauke da garin matsarmamar beyar, cikin jerin magungunan da ta ba da shawara a kansu ga masu cutar korona. Duk waɗanda ƙungiyoyi suka ceto a can cikin shekara ashirin ɗaruruwa ne kawai.

Inda ake saɓani

Masu kare sana'ar na da hujja uku: al'ada ce ta fiye da shekara dubu, mutane na cin abinci da ita, kuma tana kare na daji. Ta farkon gaskiya ce game da maganin, amma ba game da kejin ba, wanda shekarunsa ba su wuce arba'in da 'yan kai ba. Ta biyun tana da nauyi, musamman a Koriya inda gwamnati ce da kanta ta jawo manoma ciki. Bai dace a ce su kaɗai za su ɗauki asara ba. Ta ukun ce ta fi rauni. A Biyetnam da Laos, daga daji aka riƙa cika kejunan, kuma binciken da aka yi a Biyetnam ya nuna na daji sun ragu ƙwarai a daidai lokacin da gonaki ke bunƙasa. Masu saye da dama kuma sun fi son na daji, suna biyan ninki a kansa. Har yau baƙar beyar ta Asiya na cikin dabbobin da ake fargabar ƙarewarsu, kuma yarjejeniyar CITES, mai kula da cinikin namun daji tsakanin ƙasashe, ta haramta fataucinta.

Zargin cewa aikin Turawa ne shi ma bai cika ba. Lokacin da kamfanin Guizhentang ya nemi shiga kasuwar hannun jari a 2012, 'yan Sin ne, har da marubuta da 'yan wasa da likitoci, suka tayar da ƙura har maganar ta tsaya. Yawancin ma'aikatan mafaka ma 'yan ƙasa ne.

Akwai kuma suka daga cikin masana kare namun daji. Suna cewa kuɗin da ake kashewa kan tsohuwar beyar guda da ba za ta haihu ba, da an sa shi wajen biyan masu gadin daji da cire tarkuna, da ya fi amfani ga jinsin. Maganar ba ta wofi ba ce. Amma hukuma ba ta ƙwace dabba idan ba ta da inda za ta kai ta, don haka mafaka ce ke ba doka haƙori.

Abin da ake hasashe

Idan aka ci gaba a yadda ake, Biyetnam da Koriya ta Kudu za su rabu da sana'ar, sai dai beyar da yawa za su mutu kafin layi ya zo kansu, domin tsofaffi ne. Akwai fargabar cinikin ya ƙaura zuwa inda doka ke da sako-sako, kamar yankunan kan iyaka na Laos da Myanmar. A Sin kuwa makoma ta rataya ne kan ko kamfanonin magani za su karɓi madadin da ake haɗawa a masana'anta, da kuma ko hukuma za ta daina ba da lasisi.

Mai karatu a arewacin Najeriya ko Nijar ya san yadda buƙatar irin wannan kasuwa ke iya kaiwa nesa, domin ita ce ta sa aka yi ta yanka jakuna don fatarsu har Tarayyar Afirka ta haramta cinikin a watan Fabrairun 2024. Saboda haka idan hoton wata beyar da aka ceto ya sake zuwa wayarka, tambayar da ta dace ita ce ko an rufe gonar da ta fito, an kuma hana mai ita sake cika kejin. Inda aka yi hakan, kamar a Biyetnam da Koriya ta Kudu, adadin ya ragu. Inda ba a yi ba, ana ceton ɗaruruwa ne alhali ana haifar wasu a kejunan da suka bari.